Taliya da ƙanƙara a kwano kamar daro: abin da na ci a Hwapyeong-dong

A watan Agustan 2024 ne zafin Koriya ta Kudu ya kai ni ga cin abin da a da ko kallo bai ishe ni ba. Ni mutumin Katsina ne, na san ranar watan Afrilu, amma namu zafin busasshe ne, da ka samu inuwar darbejiya ka huta. Na birnin Incheon jiƙaƙƙe ne. Ruwan damina da suke kira jangma yakan ɗauke wajen ƙarshen Yuli ya bar iska cike da laima, ka yi wanka ka fito kana zufa, dare ma babu sauƙi. Na yi kwana uku abinci ba ya shiga, daga ruwa sai burodi. Wani abokin karatuna ɗan ƙasar, wanda ya girme ni, shi ya sa nake ce masa hyeong, wato yaya, ya lura da yadda na faɗa. Ya ce ranar Asabar in shirya, zai kai ni in ci naengmyeon.

Da ya fassara mini sunan, taliya mai sanyi, raina bai so ba. A gidanmu abincin da ya huce ragowa ne, ba a miƙa wa baƙo sai an ɗumama. Fura da nono ko kunun zaƙi su ne na sanyi, su kuma sha ake yi. Amma taliya a cikin romo da ƙanƙara na yawo a kai? Na dai bi shi don kada in watsa masa ƙasa a ido.

Mun sauka a tashar jirgin ƙasa ta Dongincheon, a kan layi na 1 wanda ya taso tun daga Seoul, muka taka 'yan mintuna zuwa unguwar Hwapyeong-dong. Wani ɗan titi ne a gefen layin dogo, gidajen abinci jere, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke sayarwa. Ana kiran nasu sesutdaeya naengmyeon, wato naengmyeon na daron wanke fuska, saboda girman kwanon. Hyeong ya ba ni labarin a hanya. Incheon garin tashar jiragen ruwa ne tun da aka buɗe ta ga baƙi a 1883, kuma unguwannin da ke kewaye da nan na leburorin tasha ne da ma'aikatan masana'antu. Mutumin da ya wuni yana dako ɗan kwanon taliya ba ya kai masa ko'ina. Sai su riƙa neman ƙari, masu abinci suna ƙarawa, har suka ga gara su sake kwano gaba ɗaya. Kwanon ya yi ta girma, kuɗin bai bi shi ba. Gidajen sun ragu a kan yadda suke a da, amma al'adar tana nan.

Gidan da muka shiga ƙarami ne, tebura kaɗan, fanka na juyawa a bango, jerin abincin da ke manne a bango bai wuce layi huɗu ba. Wata dattijuwa ce ke kula da teburan. Hyeong ya kira ta imo, kalmar da ke nufin 'yar'uwar mahaifiya, kamar yadda mu za mu ce inna ko iya ga matar da ta haife mu ko da ba mu san ta ba. Ita kuma ta dube ni ta ce haksaeng, ɗalibi, kuma da wannan sunan take kirana har yau.

Kafin a kawo komai sai da na tsaya a kan abin da ya fi damuna, kuma a nan nake so duk Musulmin da zai ci wannan abinci ya natsu. Naengmyeon iri biyu ne manya. Akwai mul naengmyeon, mai romo, akwai bibim naengmyeon, wanda ake cakuɗawa da jan haɗin barkono. A ido mul naengmyeon kamar ba ruwansa da nama, romon garai-garai ne kamar ruwa. Amma wannan romo, yuksu, yawanci na naman sa ne, wasu gidajen kuma suna haɗawa da na alade ko na kaza. A gidajen araha sau da yawa garin ɗanɗano ne mai haɗe da naman sa ake damawa. Ko da na sa ne zalla, ba yankan Musulmi ba ne. Cire yankan naman da ke sama bai warware komai ba matuƙar romon na nan. Haka mandu, 'yan ƙullin fulawa masu cushe da ake ci tare da taliyar, kusan kullum akwai alade a ciki.

Na ce wa hyeong ya tambaye ta dalla-dalla: me ke cikin romon, me ke cikin jan haɗin. Na zaci za ta gaji da mu, don lokacin abincin rana ne kuma mutane na shigowa. Ba ta gaji ba. Ta ce romon akwai sa a ciki, jan haɗin kuma ita ke yin abinta da barkono da tafarnuwa da albasa da 'ya'yan itace, babu nama. Ta ce za ta yi mini bibim, ba za ta zuba romo ko cokali ɗaya ba, za ta sa mini ruwan yeolmu kimchi a madadinsa, wato ganyen wata saiwa da ake kira "mu" da Koriyanci, wanda ake tsimawa da gishiri da barkono har ya yi tsami. Abin da ya ba ta damar amsa mini haka kai tsaye shi ne abu ɗaya take dafawa shekara da shekaru, ta san kowane abu da ya shiga tukunyarta. Na taɓa yin irin wannan tambaya a wani babban wurin cin abinci mai jerin abinci sama da talatin, yaron da ke hidima ya ce babu nama, da na soma ci na tarar da niƙaƙƙen nama a ƙasan kwano. Ba mugunta ya yi ba, bai sani ba ne kawai. Tun daga ranar na fi yarda da gidan da ya tsaya a kan abu guda.

Da kwanon ya iso sai da na ja kujera baya. Na ƙarfe ne, mai faɗi sosai, gefensa ya yi raɓa don sanyi. Taliyar siririya ce, launinta ƙasa-ƙasa, an naɗe ta a tsakiya, a kanta jan haɗi, yankakkiyar kokwamba, ganyen yeolmu, riɗi, da rabin dafaffen ƙwai. Imo ta zo da almakashi ta tambaya ko a yanka. Hyeong ya ce a yanka nawa sau biyu, nasa sau ɗaya. Na gane dalili a loma ta farko: taliyar tana da danƙo da tauri, haƙori ba ya datse ta da sauƙi, idan ba a yanka ba sai ka ja ta ƙi ƙarewa. Hyeong ya ce in fara da ƙwan, don kada barkono da sanyi su sauka a cikin da babu komai.

Ɗanɗanon ya zo mini daki-daki. Sanyi ne farko, har cikin haƙora. Sai tsami, sai ɗan zaƙi, sannan barkonon ya biyo baya a hankali, ga ƙamshin man riɗi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne taliyar Hausa 'yar murji da mai da yaji, wadda muke saye a bakin makaranta, ita ma ai ba da zafi muke cinta ba. Tun da na tuna haka sai baƙuntar ta ragu. Ban ankara ba zufar da na shigo da ita ta bushe, kuma karon farko cikin kwana uku na ji ina son ƙari.

A kan teburin akwai kwalba biyu, ɗaya ruwan khal, ɗaya gyeoja, wani kwaɓi ruwan ɗorawa mai hawa hanci. A nan na yi kuskure. Na ga hyeong ya zuba sai na zuba da yawa tun ban gama sanin ɗanɗanon asali ba. Gyeoja ba kamar barkono yake ba, ba ya tsayawa a harshe, kai tsaye yake hawa hanci ya kawo hawaye, kuma ya danne duk abin da matar nan ta wahala ta haɗa. Na ɓata kusan rabin kwanona. Imo ta gani, ba ta ce komai ba, ta kawo mini sari, wato ƙarin taliya zalla, na cakuɗa ƙarfin ya ragu. Ƙarin nan kyauta ne a gidan, da sharaɗin kowa ya sayi kwanonsa, ba mutum biyu su taru a kan ɗaya ba. Yanzu sai na ci loma uku ko huɗu tukuna, sannan in ɗiga khal kaɗan, gyeoja kuma ɗan abin da bakin tsinken cin abinci zai ɗauka.

Wajen biya na miƙa koriyar takardar won 10,000, kuɗin ƙasar, mai hoton Sarki Sejong, aka ba ni canji. A shekarar mafi ƙarancin albashin awa ɗaya won 9,860 ne, ke nan aikin awa guda ya ciyar da mutum har ya ƙoshi ya bar saura. A Seoul kuwa matsakaicin kuɗin kwanon naengmyeon ya haura won 10,000 tun 2022, kuma a tsofaffin gidaje masu suna ana biyan won 15,000 ko fiye. Ga ɗalibin da ke lissafin kowane won, bambancin ba ƙarami ba ne.

Sai dai ba zan ce tsadar waɗancan gidaje ba ta da dalili ba. Abin da suke yi daban ne. Asalin naengmyeon daga arewacin Koriya ne. Na Pyongyang, babban birnin Koriya ta Arewa, ana yinsa da garin memil, wata ƙwaya mai kusurwa uku wadda ba alkama ba ce, taliyarsa mai saurin tsinkewa ce, shi ya sa masu sonsa ba sa yarda a sa masa almakashi. Romonsa na nama ne da ake daɗe ana dafawa, wani lokaci a haɗa da ruwan dongchimi, tsimin farar saiwar nan da ake kira "mu". A gidajen da suka ƙware a nan take ake kwaɓa garin, a matse shi ta injin mai ƙananan huji ya zuba kai tsaye cikin tafasasshen ruwa, a tsame a wanke da ruwan ƙanƙara. Memil da naman sa duka suna da tsada a Koriya. Na Hwapyeong-dong bai yi da'awar shi wannan ne ba, abincin ma'aikata ne, kuma a matsayinsa na haka ya cika aikinsa. Abin da ba na so shi ne yadda wasu ke raina shi, suna cewa ba naengmyeon na gaskiya ba ne. Kwanon da ya riƙe cikin leburori shekara da shekaru bai cancanci raini ba.

Yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 ne ya watsa abincin sosai a kudu, ta hannun 'yan gudun hijira da suka baro arewa ba su sake komawa ba. Mutanen yankin Hamhung sun zo da nasu, na sitacin dankali, wanda a kudu aka koma yi da sitacin dankalin Hausa, suka kafa gidaje a unguwar Ojang-dong ta Seoul da garin Sokcho na bakin teku. A Busan da memil ya yi wuya sai suka yi da fulawar agaji ta Amurka, aka samu milmyeon. Kakar hyeong tana cikin waɗanda suka tsallako, kuma ya ce ranar 27 ga Afrilun 2018, da shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong Un ya zo Panmunjom da ke kan iyakar ƙasashen biyu ganawa da shugaban Koriya ta Kudu na lokacin, Moon Jae-in, aka kawo naengmyeon na gidan Okryu-gwan na Pyongyang teburin liyafa, ta zauna gaban talabijin tana hawaye. A ranar da kwanakin da suka biyo baya layi ya yi tsawo a ƙofar gidajen naengmyeon na Seoul. A 2022 kuma hukumar UNESCO ta sanya al'adar naengmyeon ta Pyongyang cikin jerin al'adun gado na duniya. Da hyeong yake ba ni labarin kakarsa ya daina ci, ya riƙe tsinkensa yana kallon kwano.

Daga baya na je Ojang-dong ni kaɗai na ci hoe naengmyeon, na Hamhung wanda ake ɗora wa ɗanyen kifi da aka jiƙa cikin khal da barkono. Ga wanda ke guje wa nama wannan ƙofa ce mai kyau, amma nan ma sai an yi tambaya, don wasu suna ɗiga romo a ƙasan kwano, kuma abin da suke kawowa a buta da zafi kafin abinci ba shayi ba ne, romon nama ne. Na kusa kurɓa kafin ƙamshin ya tsayar da ni. Jimloli biyu na haddace, sun yi mini amfani fiye da duk abin da na koya a ajin harshe: gogi ppae juseyo, a cire nama, da yuksu ppae juseyo, a cire romo. Mul naengmyeon na Pyongyang kuwa har yau ban ɗanɗana ba, sai ranar da na samu wanda aka yi da ruwan dongchimi zalla ko da halattaccen nama.

Wani abu da ban yi tsammani ba shi ne asalinsa abincin hunturu ne. Littafin Dongguk Sesigi na 1849, wanda ya tattara al'adun watannin shekara, ya ambace shi cikin abincin wata na goma sha ɗaya na kalandar wata. Da kaka ake girbe memil, da sanyi dongchimi ke nuna, kuma kafin zuwan firji da hunturu aka fi samun ƙanƙara. Mutane kan zauna a kan daɓen ondol mai ɗumi, wanda ake hura wa wuta ta ƙasa, suna cin taliya mai sanyi alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje.

A watan Janairu na koma Hwapyeong-dong don in gwada haka. Titin shiru, iska daga teku tana yanka kunne, teburi biyu kawai ke da mutane. Imo ta ɗago kai ta gan ni cikin rigar sanyi har da hula, ta ce, "Haksaeng, ka zo? Babu romo, babu nama, gyeoja kaɗan." Ta nuna mini kujerar da ke kusa da na'urar ɗumama ɗaki, ta shige kicin.