Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Har Suwaitar Maigida Ta Kammala

Alhamdulillahi. Daren jiya na yanke zaren ƙarshe na suwaitar da nake saƙa wa maigidana, yau da safe kuma ya sanya ta ya fita. Shekara 2 da wata 3 ke nan tun ranar da na ɗora madaukin farko a kan kibiyar saƙa. Akwai masu hannu a wannan riga da yawa ban da ni, kuma ban ga ya dace in yi shiru a kansu ba.

Goggo, da ke zan fara. Kafin wannan aiki hulunan jarirai da safa kawai na taɓa saƙawa, shi ya sa ban ɗauki maganar gwaji da muhimmanci ba. Takardar da nake bi ta ce a fara saƙa ɗan ƙyalle a auna, madauki 22 su cika santimita 10 da kibiya mai kaurin milimita 4. Na tsallake wannan, na faɗa wa aikin kai tsaye. Ashe hannuna sako-sako ne, madauki 20 nake samu. Bambancin biyu kamar ba komai ba ne, amma zagayen ƙirjin madauki 242 ne. Rigar da ya kamata ta tsaya a santimita 110 sai ta kai 121. Wata biyar ina saƙa, har na iso hammata, kafin na gane.

Ba zan manta ranar da na kawo miki ita ba. Kika shimfiɗa ta, kika ɗora tef, kika riƙa ƙirga madaukan da bakin kibiya ɗaya bayan ɗaya. Kika ɗan yi shiru, sannan kika ce, "Warwarewa za mu yi, 'yata." Hawaye suka zubo mini. Ba ki rarrashe ni da cewa za ta yi daidai a haka ba, kuma wannan gaskiyar ce na fi gode miki a kanta. Kika zauna kina jan zaren ina naɗewa har rana ta faɗi. Ulun da aka warware a cukurkuɗe yake fitowa, sai kika nuna mini yadda ake naɗe shi a bayan kujera, a ɗaure wuri huɗu, a jiƙa a ruwan sanyi, a rataye ba tare da an murɗe ba har ya miƙe. Ke kika ce in sauko zuwa kibiya mai milimita 3.5, in wanke ƙyallen gwajin, in bari ya bushe kafin in auna. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Aminiyata, ke ma ga taki godiyar. Ina tsakiyar saƙa hannun rigar na biyu ulu ya ƙare. A lokacin na san cewa takardar da ke jikin kowane dunƙule tana ɗauke da lamba biyu, ta launi da ta zubin rini, kuma idan zubin ya bambanta, launin yakan ɗan sauya ko da sunansa ɗaya. Kin yi ta nema har kika samo launin, sai dai daga wani zubi. Dabararki ce ta fitar da ni: layi biyu da tsohon zare, layi biyu da sabo, har suka saje. Yau na duba hannun a hasken rana, ban ga inda suka haɗu ba.

Ƙanwata, da wuyan hannuna ya yi tsami na ajiye kibiya wata huɗu, ke kika ɗauke mini duk aikin da ke buƙatar ƙarfin hannu, ba ki taɓa nuna gajiya ba. Na gode.

Sai kai, Abban yara. Sau nawa na tsayar da kai kana shirin fita, hannu a miƙe, ina auna kafaɗa? Sanyi biyu suka wuce rigar tana cikin jaka, ko sau ɗaya ba ka tambaye ni yaushe za a gama ba. Da na rufe bakin wuyan ya matse har kanka ya ƙi shiga, cewa ka yi, "Saura kaɗan ke nan." Na kwance layin, na sake rufewa da babbar kibiya, ya shige. Da ka sanya ta da safen nan, na ga ka shafa ƙirjinta sau biyu kafin ka ce komai. Allah Ya bar mu tare, Ya sa ka yi ta sanya ta cikin ƙoshin lafiya.

Dunƙule ɗaya da rabi ya rage. Goggo, hular sanyi zan saƙa miki da shi. Idan na zo gaishe ki zan taho da tef in auna kanki.