Abin da Gonakin Inabi na Cinque Terre ke Koya wa Mai Nazarin Noma a Gangare

Cinque Terre ƙauyuka biyar ne a gaɓar tekun Liguriya, arewa maso yammacin Italiya: Monterosso, Vernazza, Corniglia, Manarola da Riomaggiore. Tun 1973 doka ta keɓe yankin da sunansa na giyar inabi, ta kuma ƙayyade irin inabin da za a haɗa: Bosco aƙalla kashi 40 cikin ɗari, saura mafi yawa Albarola da Vermentino. Sai dai duk wanda ya zauna ya karanci gonakin zai gane cewa inabin ba shi ne babban aiki ba. Katanga ce.

Dutsen ya miƙe daga bakin ruwa, don haka gona ba ta samuwa sai an yanka ta hawa-hawa, kowane hawa katangar dutse ce ta tokare shi, ba siminti, ba laka. Ginin yana da ƙa'ida. A haƙa harsashi har a taɓa ƙasa mai tauri, a jera manyan duwatsu a gindi. Kowane dutse ya hau kan biyu na ƙasa, kada mahaɗa ta faɗo kan mahaɗa, domin nan katanga ke tsagewa. Dogon dutse a cusa tsawonsa cikin tudu, ba a shimfiɗa shi a fuska don ya yi kyau ba. Fuskar ta ɗan kwanta zuwa ga tudun. Bayanta kuma a cika da tsakuwa da ɓaraguzai, kuma wannan cikon da ido ba ya gani shi ne ran aikin, ta nan ruwa ke tsiyayewa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar katangar a matsayin abin tare ruwa. Ƙasa take tarewa, ruwa kuwa hanya take ba shi. Idan laka ta toshe cikon, ko aka shafe mahaɗa da siminti ba a bar ƙofofin ruwa ba, nauyi ya taru a baya, katanga ta yi ciki, wata rana ta ɓarke ta tafi da katangar da ke ƙasa da ita. Da an ga kumburi a rushe wurin a sake jerawa. Jira ba ya rage kuɗin. Aladun daji ma suna tona gindi suna ture duwatsu. Manoman Sukur a Adamawa, masu irin wannan gini, ba baƙi ba ne ga matsalar ruwa a bayan dutse.

Ranar 25 ga Oktoba 2011 ta nuna haka da zafi. An yi ruwa fiye da milimita 400 cikin awa shida a garin Brugnato da ke kusa, laka ta binne titunan Vernazza da Monterosso. Binciken da ya biyo baya ya nuna zaftarewar ƙasa ta fi yawa a hawayen da aka daina nomawa ba da jimawa ba: babu mai gyara katanga, daji kuma bai riga ya kama ƙasar ba.

Ita kurangar inabin, a al'ada ana ɗora ta kan gajeriyar rumfa don iskar teku mai gishiri kada ta ƙone ganye. Farashin hakan shi ne a tsugune ake tsinka, kuma iska ba ta ratsa ƙarƙashi, sai fumfuna ta samu wuri, dole a riƙa rage ganye ana barbaɗa farar wuta. Shi ya sa wasu suka koma jeri a kan waya. Tarakta ba ta shiga. Tun wajen 1980 ƙaramin jirgi mai layin dogo guda ke hawa da duwatsu yana saukowa da akwatunan inabi, kuma gonar da layin bai kai gare ta ba ita ake fara saki.