Lambar 137 ta daina tare mini hanya

Ƴan uwa masu koyo, sabuntawar da ta daɗe tana mutuwa a tsakiyar hanya ta kai ƙarshe daren jiya, kuma gaskiya na ji daɗi ƙwarai. Filogin ɗin (ƙaramin ƙari da ake jona wa manhaja) da nake rubutawa shi ne zai ba mai kula da manhaja damar sabunta ta daga burauza, ba sai ya shiga saba (kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta) ta SSH, hanyar shiga daga nesa, ya sake gina kwantenar Docker, wato keɓaɓɓen wurin da manhajar ke aiki a ciki, ba. Manhajar ta wata ƙungiyar malamai ce a nan Yamai, an gina ta a kan Ruby on Rails (tsarin gina manhajojin yanar gizo da harshen Ruby) tare da ma'ajiyoyin bayanai na PostgreSQL da Redis.

Jawo sabon kod ta hanyar git (manhajar adana tarihin kod) da sabunta tsarin ma'ajiyar bayanai ba su ba ni wahala ba. Inda na sha wuya shi ne matakin harhaɗa fayilolin JavaScript da CSS. Rubutun aikin yakan riƙa gudana a allo, sai ya tsaya cak, ba saƙon kuskure ko guda daga Ruby, sai dai lambar fita 137. Wannan lamba 128 ce aka ƙara mata 9, wato an kashe aikin ne da SIGKILL, siginar da babu manhajar da ke iya tare ta, shi ya sa ba a ga wani bayani. Da na duba dmesg (umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin Linux) a kan sabar kanta, a wajen kwantenar, na tarar kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin da ke raba wa ayyuka memori, ne ya kashe aikin saboda memori ya ƙare. Sabar memorin gigabait 2 gare ta, kuma harhaɗawar tana neman wuri a daidai lokacin da ma'aikatan Unicorn (ƙananan ayyukan da ke amsa masu buɗe shafuka) da Sidekiq (mai gudanar da ayyukan bayan fage) da PostgreSQL suka riga suka cinye kusan komai.

Na ɗaga sabar zuwa gigabait 4 na wata guda don in tabbatar, matsalar kuwa ta ɓace, amma ƙarin jaka bakwai da aka cire a katina ya yi mini zafi, kuma ƙungiyar ba za ta riƙa biyan wannan kowane wata ba saboda aikin ƴan mintoci. Na koma gigabait 2, na kafa swap (wani yanki na diski da ke tsaya wa memori idan ya cika) a kan sabar, tunda kwantena kanel ɗin sabar take amfani da shi. Aikin ya daina mutuwa, sai dai ya koma tafiyar hawainiya, har shafuka suka riƙa ƙin buɗewa ga masu amfani.

Abin da ya warware ta yana cikin Unicorn ɗin kansa. Idan aka aika wa babban aikinsa siginar TTOU yakan rage ma'aikaci ɗaya, TTIN kuma ta ƙara ɗaya. Yanzu filogin ɗin yana dakatar da Sidekiq, ya rage ma'aikata har saura ɗaya da zai ci gaba da amsa mutane, ya jira su fita da gaske, sannan ya fara harhaɗawa. Jiran nan yana da muhimmanci, domin aika sigina ba ya nufin memorin ya saku nan take. Da an gama, sai siginar USR2 ta tayar da sabon Unicorn da sabon kod. Mayar da ma'aikatan na sa shi a cikin ensure, sashen kod na Ruby da ke gudana ko an sami kuskure, ta yadda ko aikin ya faɗi ba za a bar manhajar da ma'aikaci ɗaya ba.

Saura abin da filogin ba zai iya ba daga cikin kwantena: idan sabuwar fitowar manhajar ta buƙaci sabon Ruby, dole a sake gina hoton Docker, wato samfurin da ake tayar da kwantena daga gare shi, daga waje. Wani aboki ya ba ni shawarar shigar da docker.sock, ƙofar ba Docker umarni, cikin kwantenar, amma ban yarda ba, domin duk wanda ya kutsa manhajar ya sami ikon root, wato cikakken iko, a kan sabar gaba ɗaya. Na zaɓi filogin ya gano irin wannan fitowa, ya kulle maɓallin sabuntawa, ya nuna wa mai kula umarnin da zai buga da hannunsa. Wannan nake rubutawa yanzu.