Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: "Yaro, Akwai Sabon Na Saira?"

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauko ni daga ƙauye ya ajiye ni a shagonsa na faifan fim a kasuwar Ƙofar Wambai. Aikina shara, jera kaya, da ɗaukar kwali zuwa tasha idan dillalan Zariya ko Maraɗi sun yi sari. A lokacin fuskar da ke jikin fosta ita ke sayar da fim. Mutum zai shigo ya ce a ba shi na Ali Nuhu ko na Adam Zango, ba ruwansa da wanda ya tsaya bayan kyamara yana ba da umarni. Ni ma haka na ɗauka, wai 'yan wasa ne ke haɗuwa su shirya abinsu.

Wata rana a 2010 wata Hajiya ta leƙo, ta ce, "Yaro, akwai sabon na Saira?" Na duba fosta ɗaya bayan ɗaya ina neman wata jaruma mai wannan suna. Da na rasa sai na ce, "Hajiya, ba ta fito a ko ɗaya ba." Kawu ya yi dariya har rawaninsa ya kusa warwarewa. Ya ce, "Ki yi masa haƙuri Hajiya, ƙauye bai gama sakinsa ba." Ya miƙa mata Ga Duhu Ga Haske.

Bayan ta tafi ne ya zaunar da ni. Malam Aminu Saira namiji ne, ɗan Gwammaja a nan Kano, kuma darakta. Shi ya yi Jamila da Jamilu. Ɗan'uwan Musbahu M. Ahmad ne da Naziru, wanda duniya ta sani yanzu da Sarkin Waƙa. Daren nan na saka faifan a ƙaramar talabijin ɗin shago na kalla, kunya na cina.

Abin da na gani shi ne mutumin ba ya gaggawa. Yana barin magana ta nuna kafin ya yanke. Mutum biyu za su zauna suna musayar zance, kyamara ba ta tsalle-tsalle, amma ka kasa tashi. Kuma yana taɓa abin da wasu ke kewayewa, kamar zaman Musulmi da Kirista, ko ƙissar Ashabul Kahfi da ya yi daga baya. Wani lokaci jan zancen yana yawa, gaskiya, har in ce da an rage kaɗan da ya fi. Amma daga ranar na koma karanta ƙananan rubutun ƙasan fosta, har ina yi wa masu saye bayani kamar ni na ƙirƙiro sana'ar.

Sai kasuwar ta mutu a hannunmu. Waya ta cinye faifai. Kawu ya koma sayar da atamfa, ni kuma na sayi tsohuwar kwamfuta na buɗe teburin tura fina-finai a waya. Ba na alfahari da wannan, domin guminsu muke ci ba tare da sisinmu ya kai gare su ba.

A 2020, shekarar kullen korona, fim ɗin Saira mai suna Labarina ya fara fitowa a Arewa24 da YouTube. Ban taɓa ganin layi a teburina irin na lokacin ba. Matan aure na aiko yara da mimori a ƙulle cikin leda, 'yan adaidaita na tsayawa da fasinja a ciki, kowa tambayarsa ɗaya: ya aka ƙare tsakanin Mahmud da Sumayya, me Presido ya sake ƙullawa? Saira ya gane cewa zamanin fim mai kashi biyu ya wuce, ya koma mai dogon zango, yana yanke kowane kashi daidai inda zuciya ta rataya.

Cikin masu aiko da mimori akwai wata yarinya da kullum ƙaninta ke zuwa. Ranar da ta zo da kanta, ta ce mini kashin da na tura mata ya yanke a tsakiya, kuma ba za ta sake biyan ko kwabo ba. Yadda rigimar nan ta kai mu gaban mahaifinta, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.