Ƙa'idojin da suka zube a hanya tsakanin WSDL da Java

A bara aka ɗora mini aikin haɗa manhajar biyan albashi ta wurin aikinmu da sabar wani kamfanin hada-hadar kuɗi, wanda har yanzu yake karɓar saƙonni ta tsarin SOAP, wato tsarin da manhajoji ke musayar saƙonni da shi a rubuce cikin harshen tsara bayanai na XML. Sun aiko mana da fayil ɗin WSDL, wanda ke bayyana ayyukan sabar da irin saƙonnin da take karɓa, tare da fayilolin XSD da ke fayyace siffar kowane bayani. Na saka su cikin wsdl2java na Apache CXF, wani inji da ke karanta WSDL ya rubuta kod da kansa, kafin ƙiftawar ido ya fitar da kod ɗin Java, ni kuwa na ɗauka cewa duk ƙa'idar da aka rubuta a XSD ta biyo kod ɗin.

Ashe ba haka abin yake ba. A XSD an taƙaita gurbin lambar asusu da xs:restriction, aka ce lallai ta kasance alƙaluma 10 cif, kamar yadda tsarin NUBAN na bankunan Nijeriya ya tanada. Amma JAXB, wanda wsdl2java ke amfani da shi wajen mayar da ire-iren bayanan XML zuwa na Java, ya mai da gurbin String kawai, wato rubutu zalla, ya watsar da pattern da maxLength, ƙa'idojin da ke ƙayyade fasalin lambar da tsawonta. A gwajin farko sabar ta ƙi karɓar albashin wasu ma'aikata, kuma sai da na kwana biyu ina bin saƙon layi-layi kafin na gano cewa Excel ne ya cinye sifilin da ke farkon lambobin asusunsu, suka koma alƙaluma 9, kod ɗin kuma ya wuce da su ba tare da ya ce uffan ba. Abin ya dame ni ƙwarai, domin da a ƙarshen wata ne hakan ta faru, mutane ne masu iyali za su wayi gari babu albashi.

Gurbin kuɗi ma haka ya yi. An mai da xs:decimal, wato lamba mai ɗigo, zuwa kwatankwacinsa na Java, BigDecimal, wanda daidai ne, sai dai fractionDigits da ke iyakance kobo zuwa gurbi 2 ya ɓace, don haka dole na riƙa kiran setScale da hannuna don daidaita guraben kobon. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne jerin ƙananan hukumomi 774 da aka rubuta a matsayin enumeration, wato jerin zaɓi da ba a fita daga cikinsa. Na zaci zan samu enum, kwatankwacin wannan jeri a Java, sai na tarar da String, saboda JAXB ba ya ƙera enum idan jerin ya haura 256, sai an ɗaga wannan iyaka ta hanyar typesafeEnumMaxMembers a fayil ɗin daidaitawa.

Ban taɓa kod ɗin da injin ya fitar ba, domin duk gyaran da aka yi a cikinsa zai goge ranar da aka sake fitar da shi. Na kunna schema-validation-enabled a CXF, ta yadda za a auna kowane saƙo da ainihin XSD kafin ya bar kwamfutarmu, sannan na rubuta tantancewa tun daga wurin shigar da bayanai. A nan ma na yi tuntuɓe sau ɗaya: pattern na XSD yana auna rubutun ne gaba ɗayansa daga farko zuwa ƙarshe, ni kuma na yi amfani da find a Java, wanda ke neman pattern ɗin a ko'ina cikin rubutu, sai ya amince da alƙaluma 11 tunda akwai 10 a cikinsu. Da na mayar da shi matches, wanda ke auna rubutun gaba ɗaya, lambar da ta yi yawa ta tsaya a wurinmu, tare da saƙon da ke nuna wa akawu layin da zai gyara.