Kashin Kare a Bakin Hanya

Tun da muka tare a unguwar Roumdé Adjia da ke Garwa a ƙasar Kamaru, kusan kowace asuba nakan ga masu gadi suna zagayawa da karnuka ɗaure da sarƙa, kuma ban ga aibun hakan ba, domin dabbar da ta kwana tana tsaron gida tana da hakki a kan mai ita. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kashin da ake bari a kan yashin da yaranmu ke wasa.

Ranar Juma'ar da ta gabata maƙwabcina ya taka shi a hanyar masallaci, dole ya koma gida ya wanke takalminsa. Bayan najasa akwai cuta, domin kashin kare kan ɗauki ƙwayayen tsutsar ciki masu daɗewa a cikin ƙasa, idan damina ta sauka kuma ruwa ya kwashe shi ya nufi kogin Binuwai. A Faransa tara ake cin wanda ya bar shi a titi.

Na tari wani dattijon mai gadi na ce, "Baba, don Allah a riƙa fitowa da leda." Washegari na gan shi riƙe da ita.