Fedar faz ɗina ta daina shaƙewa da rana

'Yan uwa masu haɗa feda, yau da ƙarfe biyu na rana na buga jita kusan awa guda a ɗakinmu mai rufin kwano, fedar faz ɗina, wato ɗan akwatin da ake takawa da ƙafa ya sa sautin jita ya yi kauri da gurnani, ba ta shaƙe ba ko sau ɗaya. Alhamdulillahi. Wata uku ke nan ina fama da abin nan.

Tsarin Fuzz Face na bi, wanda kamfanin Arbiter ya fitar a Landan a 1966, irin wanda shahararren makaɗin jita Jimi Hendrix ya yi amfani da shi. Tiransisto biyu, rasisto huɗu, kafasito uku, bolum biyu, shi ke nan. Na yi odar tiransisto AC128 guda biyu daga waje, irin na da da ake yi da sinadarin jamaniyam, da kuɗin kawowa sai da na ajiye naira dubu 28, har yanzu in na tuna sai na ji a ƙirjina. Na gama haɗawa a watan Janairu, ana tsakiyar hunturu. Na ɗora mita a ƙafar C ta tiransisto na biyu (ƙafafu uku ne da tiransisto: E, B da C), ta nuna bolt 4.6, wato kusan tsakiyar bolt 9 na batir, inda ake so. Sauti ya fito da kauri, in na rage bolum ɗin jita kuma ya washe tas kamar babu feda a tsakani. Daren nan da ƙyar na yi barci don murna.

Da bazara ta kama sai abu ya lalace. Ka bugi tsirkiya, sautin ya fito a tsinke, ya yi fat-fat-fat ya mutu kafin ka ɗaga yatsa. Na zargi batir, na sayi sabo. Na zargi dalma, na sake narka kowane haɗi. Na canza kafasiton 22uF. Duk a banza. Abin da ya fi ci mini rai, da asuba in na gwada lafiya ƙalau, sai rana ta take, lokacin da abokaina suka zo atisaye, sannan ya ba ni kunya a gabansu.

Wata rana na bar mitar a maƙale tun safe ina leƙawa. Ƙarfe bakwai, 5.1. Sha ɗaya, 6.3. Bayan azahar, 7.2. Sai na ɗauko ledar ruwa mai sanyi, na naɗe ta da tsumma, na jingina a jikin tiransisto na farko. Wallahi ina kallo lambar tana saukowa, 6.8, 6.1, 5.4, jita ta dawo da muryarta. Zafi ne, ba komai ba.

Jamaniyam yana yoyon wuta ko ba a ba shi komai a ƙafar B ba, kuma yoyon yana ninkawa kusan duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10. To ku lissafa tsakanin ɗaki a Janairu da ɗakin kwano a Afrilu, lokacin da garin Kano ke haura digiri 40: yoyon ya kusa ninka huɗu. A wannan tsari tiransisto na farko ne ke riƙe da na biyu. In na farko ya yi yoyo da yawa, wutar da ke bi ta na biyu sai ta ragu, ƙafar C ɗinsa ta tafi wajen bolt 9, rabin sautin ya rasa wurin wucewa. Waɗanda suka tsara abin a Ingila suke, ba su san bazararmu ba.

Na fara cire rasiston 8.2k na sa ɗan bolum na 10k. Bai isa ba, na murɗa har ƙarshe ya tsaya a 6.5. Wutar ta ragu kusan rabi, ana bukatar abin da ya kai 18k kafin a dawo tsakiya. Kada wani ya ɓata kuɗinsa a kan 10k a garin nan.

Sannan na auna yoyon da kansa. Ramin hFE da ke jikin mita, wanda ke auna ƙarfin tiransisto, kada ku yarda da shi a kan jamaniyam, yana haɗa yoyo da ƙarfi ya ba ka lamba mai daɗin gani. Batir mai bolt 9, rasiston 2.4k a ƙafar C, ka auna wutar da ke kansa ba tare da ka haɗa B ba, wannan shi ne yoyo. Ka haɗa 2.2M zuwa B ka sake aunawa, ka debe na farko daga na biyu, ka ninka sau ɗari, ka sami ƙarfin gaskiya kusan daidai. Kuma kada ka taɓa shi da hannu, ɗumin yatsa kaɗai yana motsa lambar, sai ka jira minti biyu ta zauna. AC128 ɗina mai tsada ya ba ni kusan bolt 1 da rana, yoyon ya haura 400uA ke nan.

Mafita daga Sabon Gari ta zo, wajen wani dattijo mai gyaran rediyo. Na ce, "Baba, ko kana da tsofaffin rediyoyin Japan da suka mutu?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, me za ka yi da gawa?" Da na yi masa bayani sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ƙura ta tashi, ya ce in zaɓa. Na ciro 2SB175 da 2SB56 har sha ɗaya, naira dubu uku ya karɓa. Na zauna da su da tsakar rana da gangan, don a zafin nake son sanin halinsu. Uku ne kawai suka yi kyau. Ɗaya mai ƙarfi 78, yoyo 90uA, shi na sa a farko. Na bar AC128 mai ƙarfi 115 a na biyu, don ina son kaurinsa.

Na huda akwatin na fito da bolum na 20k waje, da rasiston 2.2k a jere da shi. Yanzu kafin mu fara sai in ɗan murɗa har in ji wutsiyar sauti tana tafiya ba ta tsinkewa. Yau a tsananin rana mita ta nuna 4.7, bolum ɗin ma bai wuce rabi ba.

Ga mai son sa wa fedar nan adafta maimakon batir: kada ka haɗa shi a layi ɗaya da sauran fedojinka. Waɗannan tiransisto irin da ake kira PNP ne, ƙafar batir mai alamar tarawa ce ke zuwa ƙasa (girawun), saɓanin yawancin fedoji, don haka za ka yi shot. Batir ɗin ma yana daɗewa, abin ba ya cin wuta.

Saura matsala ɗaya. In na ƙure faz na rage bolum ɗin jita, ina jin muryar wani gidan rediyo can ƙasa-ƙasa a cikin sifika. Na sayo kafasiton 100pF zan gwada tsakanin B da C na tiransisto na biyu gobe in Allah ya kai mu, amma ina tsoron ya cinye mini kaifin sautin. Wanda ya taɓa gwadawa a kan jamaniyam ya faɗa mini girman da ya sa.